Mata Injiniyoyi A Borno: Jarin Da Ke Zurarewa Tsakanin Digiri Da Rajista

Tsohuwar Maiduguri, wadda a yau take cikin ƙaramar hukumar Jere, ta girmi birnin da ya ari sunanta. Gari ne mai kasuwa tun kafin Turawan mulkin mallaka su shata Yerwa a 1907, wato shekarar da Shehun Borno Abubakar Garbai ya taso daga Kukawa ya kafa fadarsa a can. Daga nan sabon birnin ya yi ta bunƙasa, jirgin ƙasa ya iso shi a 1964, ya zama hedkwatar jihar Arewa Maso Gabas a 1967, yayin da tsohon garin ya koma unguwa a gefe. Rikicin Boko Haram ne ya sake cika shi da jama'a, musamman daga 2014, lokacin da ɗimbin mutanen da aka koro daga ƙauyuka suka sauka a gidajen 'yan uwa da filayen da ke kewaye.

Wanda ya zaga irin waɗannan unguwanni zai ga tankunan ruwa a kan dogayen ƙafafun ƙarfe, da faifan hasken rana a gefensu, da mata da yara a layi da jarkoki, da kurar 'yan garuwa tana kai da kawowa. Kowane tanki daga cikinsu sai da aka yi lissafi kafin a kafa shi. Inda lissafin ya yi daidai ruwa yana zuba. Inda aka kuskure kuwa, tankin yana nan tsaye a bushe, kuɗin wanda ya biya sun salwanta. Wannan nazari ya shafi masu yin lissafin ne, da kuma dalilin da ya sa mata suka yi ƙaranci a cikinsu. Wani ɓangare na dalilin ya fi ƙarfin ɗan kasuwa, domin yana aukuwa ne tun a makarantar sakandare. Amma akwai wani ɓangare da mabuɗinsa ke hannun 'yan kwangila da masu kamfanoni, kuma su ne ke tafka asara a kansa ba tare da sun shigar da ita cikin littafin lissafinsu ba.

Girman aikin da ke jiran injiniyoyi

A 2016 gwamnatin tarayya, tare da Bankin Duniya da Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, sun ƙiyasta ɓarnar da rikicin ya yi a jihohi shida na Arewa Maso Gabas a kan kimanin dala biliyan 9, mafi yawanta a Borno. A 2017 aka sanya hannu kan dokar kafa Hukumar Raya Yankin Arewa Maso Gabas, mai hedkwata a Maiduguri. Gidaje, makarantu, asibitoci, gadoji da kwalbatoci, duk aikin injiniya ne. Shi kansa Farfesa Babagana Umara Zulum, wanda ya hau kujerar gwamna a 2019, injiniyan aikin gona ne, kuma ya shugabanci Kwalejin Fasaha ta Ramat da ma'aikatar sake gina yankunan da aka rusa kafin ya zama gwamna.

'Yan kasuwar Maiduguri ba sa buƙatar a tuna musu da shekarar 2021. A watan Janairu na shekarar mayaƙa suka kayar da manyan turakun layin lantarki da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, suka sake fasawa cikin 'yan kwanaki, birnin ya yi kusan shekara guda cikin duhu. Masu ƙanƙara, masu walda, masu injin niƙa da teloli, kowa ya koma ga janareta, mai hali kuma ya sayi faifan hasken rana da batura. Tashar lantarki mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda kamfanin NNPC ya gina, sai a watan Maris 2023 aka buɗe ta. Sa'an nan a ranar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau, wadda aka gina a kan kogin Ngadda a tsakiyar shekarun 1980, ta ɓalle. Ruwa ya shiga Kasuwar Monday, da fadar Shehu, da asibitin koyarwa na jami'a, shekara 30 cif bayan ambaliyar 1994. A farkon 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar.

A ilimin tattalin arziki, idan buƙatar wani abu ta yi yawa alhali samar da shi yana ɗaukar shekaru, farashinsa ne ke tashi. Ƙwararren injiniya yana cikin wannan rukuni. Ana iya yin odar siminti daga Ashaka a same shi cikin mako guda, amma ba a odar injiniya mai rajista. Kamfanin da ya ɗauko shi daga Kaduna ko Legas zai biya kuɗin jirgi da masauki da alawus na haɗari, kuma ranar da ya samu wani aiki kusa da iyalinsa zai tafi.

Abin da injiniya ke sayarwa

Ya kamata a fayyace mene ne aikin, domin yawancin masu cewa bai dace da mace ba suna haɗa shi ne da aikin birkila ko lebura. A ɗauki misalin unguwa mai mutum 2,000 da ake son haƙa wa rijiyar burtsatse. Idan aka ware wa kowane mutum lita 20 a rana, wanda shi ne ma'aunin farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da shi, ana buƙatar lita 40,000. Famfo mai aiki da hasken rana yana samun kamar awa 6 na rana mai ƙarfi, saboda haka dole ya ɗaga kimanin lita 6,700 a kowace awa. Idan tazarar da ke tsakanin fuskar ruwan a cikin rijiya da bakin tanki, haɗe da abin da gogayyar bututu ke ci, ta kai mita 60, to ƙarfin ɗaga ruwan kaɗai ya kai kilowat 1.1. Da yake famfo da injinsa kan zubar da kusan rabin ƙarfin da aka ba su, sai a nemi na kilowat 2.2, da faifai na kimanin kilowat 3, saboda zafin bazara da hazon hunturu suna rage musu ƙarfi.

Lissafin bai ƙare nan ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Tafkin Chadi hawa uku ne, na sama da na tsakiya da na can ƙasa, kuma kowanne da zurfinsa da kuɗin haƙarsa da irin ruwan da yake bayarwa. Sai an gwada rijiyar an ga nawa take iya bayarwa a awa kafin a sayi famfo, in ba haka ba famfon zai zuƙe ta ya riƙa jan iska har ya ƙone. Bugu da ƙari, lita 40,000 na ruwa nauyinsa tan 40 ne. Ƙafafun tankin da harsashinsa, da kaurin rodi da haɗin kankare, duk sai an auna su da irin ƙasar wurin. Kuskure ɗaya a cikin wannan jerin ya isa ya cinye ribar kwangilar baki ɗaya. Babu mataki ko ɗaya a ciki da ke buƙatar damtse. Abin da yake buƙata shi ne lissafi, da haƙurin tsayawa a rana a ga an zuba kankare yadda aka rubuta, da ƙarfin halin ce wa shugaban leburori ya fasa ya sake.

Tarihin baka na Borno yana jingina ginin Gambaru, fadar nan ta jan bulo da ke kusa da tsohon Birnin Gazargamu, ga mahaifiyar Mai Idris Alooma. Masu jawabi a taruka suna son kawo wannan misali, amma gaskiyar magana ita ce mai aikin ce, ba mai zana shi ba. Abin da misalin ke nunawa kawai shi ne ganin mace tana ba magina umarni ba baƙon abu ba ne a ƙasar Borno.

Tsawon hanyar, da inda ake faɗuwa

Yarinyar da ke son zama injiniya sai ta ci kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, sa'an nan ta ci jarrabawar JAMB. Karatun digirin shekara biyar ne, kuma a cikinsa akwai watannin koyon aiki a masana'antu a ƙarƙashin Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971. A Maiduguri ƙofofin biyu ne. Akwai jami'ar tarayya da aka kafa a 1975, wadda a watan Yuli 2025 gwamnati ta sanar da sauya mata suna zuwa na marigayi Muhammadu Buhari, akwai kuma Kwalejin Ramat, wadda ta fara a 1973 a matsayin makarantar koyon sana'a ta gwamnati. A kwalejin ana yin ƙaramar difloma shekara biyu, a fita koyon aiki shekara ɗaya, a dawo babbar difloma shekara biyu.

Faɗuwar farko tana aukuwa ne kafin a iso waɗannan ƙofofi. A watan Maris 2014 gwamnatin Borno ta rufe makarantun sakandare saboda hare-hare, wasu kuma suka shafe fiye da shekara biyu a rufe, da yawa sun zama masaukin 'yan gudun hijira. 'Yan mata 276 da aka sace a Chibok a watan Afrilu na shekarar sun taru ne domin rubuta jarrabawar ƙarshe, kuma rahotannin lokacin sun nuna takardar Fiziks ce ke gabansu. A 2017 asusun UNICEF ya bayyana cewa tun daga 2009 an kashe malamai fiye da 2,295 a Arewa Maso Gabas, an raba wasu 19,000 da muhallinsu, an kuma rusa makarantu kusan 1,400. Malamin Fiziks da ɗakin gwaje-gwaje su ne mafi wuyar mayarwa. 'Yan matan da ya kamata a ce suna neman rajistar injiniya a cikin waɗannan shekaru su ne waɗanda suke sakandare a wancan lokaci. Wannan ya sa kowace ɗaya da ta tsallake ta samu digiri ta fi tsada fiye da yadda takardarta ke nunawa.

Sai dai digiri bai mai da mutum injiniya a idon doka ba. Majalisar COREN, wadda dokar soja mai lamba 55 ta 1970 ta kafa, aka kuma yi wa dokar gyara a 1992 da 2018, ita ce ke yi wa masu aikin rajista, tun daga mai digiri har zuwa mai difloma da mai sana'ar hannu, kowa a matakinsa. Mai digiri sai ya yi aƙalla shekara huɗu yana aiki, ya rubuta rahoton ayyukan da ya sa hannu a ciki, injiniyoyi masu rajista su tsaya masa, ya kuma zauna a gaban masu tantancewa. Bayan haka ne yake samun lamba da hatimi, zanensa ya zama abin karɓa. Yarinyar da ta shiga jami'a tana da shekara 18 za ta fito tana da 23, in babu yajin aikin malamai, ta kai ga rajista tana da 27 ko 28. Kowa ya san abin da ke aukuwa a rayuwar mace a Arewa tsakanin shekara 23 da 28: aure, da haihuwar fari, wani lokaci da ƙaura zuwa garin da miji ke aiki.

A nan ne ɗan kasuwa ya shigo. Abin da aka saba gani shi ne kamfani ya karɓi yarinya mai digirin injiniya, ko a lokacin hidimar ƙasa ko bayanta, ya zaunar da ita a ofis tana buga wasiƙu da jera takardun neman kwangila. Idan za a fita wurin aiki sai a ɗauki abokin karatunta namiji, a bar ta. Sau da yawa ba da mugun nufi ake yi ba. Mai kamfanin yana ganin tausaya mata ya yi, ya raba ta da rana da ƙura da bakin leburori. Amma bayan shekara huɗu abokin nata yana da kwalbati uku da rijiya biyar da zai rubuta a rahotonsa, ita kuwa ba ta da ko ɗaya. Shi ya samu hatimi, albashinsa ya tashi. Ita ta tsaya a inda take, kuma da yake albashin da ba ya ƙaruwa ba ya jure kuɗin mai reno da na Keke Napep, sai ta koma koyarwa ko banki ko ta zauna a gida. Daga baya mai kamfanin ya ce dama mata ba sa daɗewa a wannan aiki, bai lura cewa shi ne ya rufe ƙofar ba.

Tsoron iyaye da mazaje kuwa yana da tushe, bai kamata a raina shi ba. A watan Yuli 2017 aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri, ciki har da ma'aikatan jami'ar Maiduguri, aka yi asarar rayuka masu yawa. Amma wannan haɗari bai bambanta mace da namiji ba, kuma babban kaso na aikin da ake magana a kai, wato magudanun ruwa, rijiyoyi, wayar lantarki, gyaran makarantu da kasuwanni, yana cikin birni ne da Jere, inda ma'aikaciya za ta fita da safe ta dawo gida kafin magariba.

Waɗanda suka riga suka bi hanyar

A 1982 wasu mata injiniyoyi shida a ƙarƙashin jagorancin Injiniya Joanna Olutunmbi Maduka suka kafa ƙungiyar APWEN ta ƙwararrun mata injiniyoyi. Ita Maduka ce ta zama mace ta farko da ta shugabanci Cibiyar Manyan Injiniyoyi ta Najeriya a 2016. A wannan shekara kuma ƙungiyar APWEN ta samu shugabarta ta farko daga Arewa, Injiniya Hauwa Muhammed Sadique, 'yar asalin Borno, wadda ta karanta injiniyan aikin gona a jami'ar Maiduguri. Wato sai da aka shekara 34 kafin Arewa ta kai ga wannan kujera. Injiniya Ebele Okeke, mai digiri a fannin gine-gine da hanyoyi, ta zama mace ta farko shugabar ma'aikatan gwamnatin tarayya a 2007. Babbar ƙungiyar injiniyoyi ta NSE kuwa, wadda aka kafa a 1958, ba ta samu mace shugaba ba sai a watan Janairu 2024, lokacin da Injiniya Margaret Oguntala ta karɓi ragama.

Masu ɗora alhakin ƙarancin a kan addini ya kamata su duba rahoton kimiyya na hukumar UNESCO na 2021. Ya nuna cewa a duniya baki ɗaya mata kashi 28 ne cikin 100 na masu kammala karatun injiniya. A Amurka kimanin kashi 20 ne, a Japan kashi 14. A Aljeriya kuwa sun haura kashi 48, a Tunisiya da Maroko da Oman sun haura kashi 40. Ƙasashen Musulmi ne ke gaba. Sai dai su ma suna fama da irin matsalar da ake magana a kai, domin yawan matan da ke cikin aikin albashi a waɗannan ƙasashe bai kai yawan masu digirin ba. Cika aji da 'yan mata abu ne da gwamnati za ta iya. Riƙe su a bakin aiki kuwa sai masu ɗaukar ma'aikata.

Doka, takardar ɗaukar aiki, da lissafin riba

Wasu masu kamfanoni suna fakewa da Dokar Ƙwadago, wadda ta samo asali tun shekarun 1970. Gaskiya ne sashe na 55 ya hana sa mata aikin dare a masana'antu, sashe na 56 kuma ya hana su aikin hannu a ramin haƙar ma'adinai. Amma dokar ta keɓe masu riƙe da muƙamin gudanarwa waɗanda ba aikin ƙarfi suke yi ba. Har ila yau, ma'anar da sashe na 91 ya ba kalmar ma'aikaci ta fitar da masu aikin ƙwarewa da na fasaha. Wannan takobi ne mai kaifi biyu. Hanin bai hau kan injiniya ba, amma kuma kariyar sashe na 54, wato hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, ba lallai ta same ta kai tsaye ba. Abin da za ta dogara da shi shi ne abin da aka rubuta a takardar ɗaukarta aiki. Gwamnatin tarayya tana ba ma'aikatanta mata mako 16, kuma wannan yana cikin dalilan da ke sa masu ƙwazo ke gudun kamfanoni zuwa ma'aikatu ko da albashin bai kai ba.

Idan aka auna, mako 16 a cikin shekara huɗu, wato mako 208, bai kai kashi 8 cikin 100 na lokacin aikinta ba. Kuma hutu ne da ake sanin zuwansa watanni kafin ya zo, ana iya daidaita shi da damina, lokacin da yawancin aikin gini ke lafawa. Injiniyan da aka ɗauko daga nesa kuwa takardar ajiye aikinsa ba ta sallama. Macen da iyayenta da mijinta da 'ya'yanta ke Maiduguri ita ce ma'aikaciyar da ta fi wuyar ƙwacewa. Sauran abubuwan da ake buƙata ba su taka kara sun karya ba: makewayi mai ƙofa a wurin aiki, wurin salla, hular kwano da takalmin aiki daidai ƙafarta, da mayafin da ba zai shiga injin ba. Mafi muhimmanci shi ne mai kamfanin da kansa ya kai ta wurin aikin a ranar farko, ya gaya wa birkiloli da leburori cewa maganarta maganarsa ce. Idan ya bari suka gane ana iya tsallake ta a kira shi a waya, to ya gama karya ta.

Akwai kuma kasuwar da namiji ba ya iya shiga cikin sauƙi. Gidaje da yawa a Maiduguri da Kano da Sakkwato ba a shiga, sai mai gida yana nan. Kamfanin da ke saka faifan hasken rana ko gyara wayar gida yakan yi asarar yini guda yana jiran mai gida ya taso daga kasuwa. Ma'aikaciya mace za ta yi sallama ta shiga da hantsi, ta auna, ta kuma ji daga bakin uwargida abin da ake kunnawa da rana, firji ne ko keken ɗinki ko injin markaɗe, wanda sau da yawa mai gidan bai san shi dalla-dalla ba, alhali a kansa ne girman batir ya dogara. Haka abin yake ga famfunan unguwa: masu ɗiban ruwan mata ne, su suka san wane lokaci layi ke tsawo da inda ba sa son zuwa bayan faɗuwar rana. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da suka cika Maiduguri tun daga 2016 sun gane haka, suka ɗauki mata a ayyukan ruwa da tsafta. Da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta a farkon 2025, ayyuka da dama sun tsaya ko an rage su. Ga ɗan kwangila mai ido, wannan yana nufin akwai ma'aikatan da wani ya riga ya biya kuɗin horar da su, suna neman inda za su sa ƙafa.

Wajibi ne a yi gargaɗi a kan wata ɗabi'a. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta wajabta wa mai neman kwangila ya nuna yana da ƙwararrun ma'aikata, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 5 na watan Fabrairu 2018 kuma ya ce a fifita ƙwararrun cikin gida a ayyukan injiniya. Wannan ya haifar da hayar takarda: ɗan kwangila ya karɓi kwafin shaidar injiniya, ya liƙa a takardun neman aiki, ya ba mai ita wani abu, ba ta ƙara jin labari ba. Matan da ke zaune a gida su ne suka fi faɗawa cikin wannan tarko, domin kuɗi ne ba tare da fita ba. Amma ranar da ginin ya tsage, sunan da ke takarda shi za a nema, kuma lambar rajistarta ce za ta tafi. Shi ma ɗan kwangilar ya biya kuɗin injiniya bai samu lissafin injiniya ba.

Wadda ta samu hatimi tana iya buɗe nata kamfanin, kuma aikin zane da sa ido shi ne ya fi sauƙin farawa, tun da jarinsa kwamfuta ce da na'urar awo da suna mai kyau. Kwangilar gini kuwa tana son kuɗi a hannu, ga jinkirin biya da aka san ayyukan gwamnati da shi. A watan Nuwamba 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, na bankunan kasuwanci kuma yana sama da haka. Ƙaramin kamfanin da ya ci bashi a irin wannan farashi, aka kuma riƙe masa kuɗi wata tara, ribarsa ta tafi. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kayan ya sayar wa mai buƙata da ribar da aka sani tun farko, kuma ya dace da sayen famfo ko faifai na aiki guda. Amma su ma suna neman jingina, kuma takardar fili ba kasafai take da sunan mace ba, duk da cewa shari'a ta ba ta cikakken iko a kan gadonta da dukiyarta. Hanyar da ta fi kusa ita ce haɗin gwiwa irin wanda 'yan kasuwar Arewa suka daɗe da sani: mai kuɗi ya kawo jari, mai sani ta kawo ƙwarewa, a rubuta rabon riba a gaban shaidu.

Aikin Alau da magudanun da ambaliyar 2024 ta lalata za su ɗauki shekaru, kuma manyan kamfanonin da ke karɓar irin wannan aiki sukan rarraba ƙananan sassansa ga 'yan kwangilar gida. Ɗalibar da ta kammala digiri a shekarar ambaliyar za ta cika shekara huɗunta a 2028. Masu tantancewa za su tambaye ta wane aiki ta yi, a ina, nawa ne zurfin harsashin, wa ya duba lissafin, kuma za su nemi sa hannun injiniyan da ta yi aiki a ƙarƙashinsa.